Shin Ko Kun San? Abin da Ke Haɗa Gemun Bunsuru a Bakin Rijiya

Shin ko kun san cewa gashi ba ya mannewa a cikin ruwa, sai an fito da shi? Mai shakka ya nemi burushin fenti, ko ya tsinko 'yan silin gashi daga wutsiyar doki ya ɗaure gindinsu da zare, ya tsoma a ƙwaryar ruwa ya leƙa. Zai ga kowane sili ya ware yana lilo abinsa. Da ya ɗago kuwa, nan take sai su haɗe su yi tsini. A bushe a ware suke, a tsundum cikin ruwa ma a ware suke. Haɗuwar tana faruwa ne a tsakani kawai, inda ruwa ya yi iyaka da iska.

Da wannan gwajin ne wani malamin kimiyya na Ingila, Charles Vernon Boys, ya buɗe laccocin da ya yi wa yara a Landan a ƙarshen 1889 da farkon 1890. Burushin nasa irin wanda Turawa ke kira na gashin raƙumi ne, alhali yawancin irinsa da gashin kurege, ko na akuya, ko na doki ake yin su. Masu raƙuma su kwantar da hankali, babu wata kasuwa da ta wuce su.

Shin ko kun san me ke jan gashin? Ƙwayoyin ruwa jan junansu suke yi. Wadda ke tsakiyar randa ana jan ta daga kowane gefe, don haka babu inda ta karkata. Wadda ke a sama kuwa ba ta da 'yan'uwa a kanta sai iska, jan sai ya rinjaya zuwa ciki. Shi ya sa fuskar ruwa kullum a ɗame take kamar fatar kalangu, tana neman ta tsuke ta rage faɗi. Idan ruwa ya maƙale tsakanin sili biyu, hanya mafi sauƙi da fuskar za ta tsuke ita ce ta jawo silin su matso kusa da juna. Thomas Young a Ingila a 1805, da Pierre-Simon Laplace a Faransa a 1806, su ne suka zaunar da lissafin wannan ja.

Ƙarfin ba wani na a zo a gani ba ne. Layi mai tsawon mita 1 a fuskar ruwa, nauyin da zai iya riƙewa bai wuce giram 7 da 'yan kai ba. Tafasasshen ruwa yana rasa kusan kashi 1 cikin 5 na wannan ƙarfi, sabulu kuma yana kai shi ƙasa da rabi.

To ta yaya ja mai rauni haka yake lanƙwasa abu? Sirrin yana wajen kauri. Idan kaurin sili ya ninka biyu, taurinsa ba sau biyu yake ninkawa ba, sau 16 ne. Idan ya ninka goma, taurin ya ninka 10,000. Gashin mutum da ƙyar yake kai kashi 1 cikin 10 na milimita, shi ya sa ɗigo guda yake juya shi yadda ya ga dama, amma tsinken tsintsiya sai dai ya jiƙe ya ci gaba da tsayuwarsa. Tsawo ma da nasa: guntun gashi yana gardama, dogo ba ya iyawa. Kokawa ce tsakanin jan ruwa da taurin sili, kuma duk abin da ya biyo baya a shafin nan labarin wanda ya kayar ne.

Shin ko kun san telan da ya lashi bakin zare kafin ya zura a allura wannan lissafin yake yi? Bakin zaren da aka yanke ya tarwatse zuwa ƙananan zaruruwa, kowanne ya kama gabansa. Yawu ya tara su wuri guda. Haka bakin asuwaki: ya bushe ya baje, ya jiƙe ya tsuke.

Yanzu mu je bakin rijiya. A Damargu ta ƙasar Nijar, daga Tanut zuwa Balbeji da ƙauyukan kwarin Tarka, rijiya ba abin wasa ba ce. Zurfinta ya sa a wurare da yawa sai raƙumi ko sa ko jaki ne ke jan wasaki, yaro na kora shi har ya yi nisa kafin ruwa ya iso baki. A tsaya kusa da kwami lokacin da awaki suka yi ca a kai, a dubi bunsuru idan ya ɗago. Gemun da ɗazu yake a baje ya koma 'yan tufka-tufka, huɗu ko biyar ko fiye, kowace da tsininta, ɗigo na lilo a ƙarshe. A matso a duba da kyau: can sama wajen haɓa silin a ware suke, ƙasa kaɗan sun haɗu bibbiyu, ƙasa da nan bibbiyun sun haɗu da wasu bibbiyun, har aka sami damin da ya yi kauri.

Shin ko kun san sai a 2004 aka fitar da ƙa'idar wannan? Masana huɗu a Faris, José Bico, Benoît Roman, Loïc Moulin da Arezki Boudaoud, suka jera siraran yankakkun roba a matsayin gashi, suka tsoma su cikin mai, suka ɗago a hankali. Sakamakon ya fito a mujallar Nature. Sili biyu idan sun manne sun fi sili ɗaya tauri, huɗu sun fi biyu, haka abin ke hawa har dami ya yi taurin da ruwa ba zai iya jawo shi ga maƙwabcinsa ba a ɗan tsawon da ya rage. A nan haɗuwar ke tsayawa. Dalilin ke nan da gemu, da wutsiyar doki, da gezar rago ba sa zama dunƙule guda idan sun jiƙe. Ina ganin abin burgewa ne a ce tambayar da kowane yaro mai bin awaki ya isa ya yi, ta jira har ƙarni na 21.

Amma kada a ɗora wa fuskar ruwa laifin da ba nata ba. Igiyar guga da take ƙanƙancewa ta yi tauri idan ta sha ruwa, wannan kumburi ne: zaruruwan kaba ko na rama sun sha sun yi ƙiba, murɗin ya ƙara tsukewa. A cikin ruwa ma haka za ta kasance, ba sai an fito da ita ba. Ga ma'auni mai sauƙi na rarrabewa: duk abin da ya saki idan aka nutsar da shi gaba ɗaya, aikin fuskar ruwa ne.

Shin ko kun san jan nan ne ke hawo da kananzir cikin lagwani? A bututun gilashi mai ramin milimita 1, ruwa yana hawa da kansa kusan santimita 3. A rage ramin zuwa kashi 1 cikin 5 na milimita, ya hau kusan 15. Wani likitan Ingila, James Jurin, ya bayyana wannan tun 1718. Kafin wani ya fara mafarkin zura dogon lagwani a rijiyar garinsu ya huta da jan wasaki: ruwan da ya hau ta haka ba ya zubowa daga sama. Jan da ya hawo da shi, shi ne ke riƙe shi.

Shin ko kun san haɗewar gashi tana kashe dabba? Gashi ba shi ne ke ɗumama jiki ba, iskar da ke maƙale a tsakaninsa ce. Idan ya jiƙe ya kwanta dami-dami, iskar ta fita, ruwa ya maye gurbinta, ruwa kuwa ya fi iska saurin kwashe zafi fiye da sau 20. Makiyayan Damargu, Fulani da Buzaye da Larabawa, sun san wannan ba daga littafi ba: dabbar da ta rame a ƙarshen bazara, ruwan farko mai iska da dare yakan iya kayar da ita, ga ciyawa ta kusa fitowa. 'Yan tsaki ma haka, shi ya sa matan gida ke gudun kife su da kwando da zarar hadari ya haɗo.

Maganin da dabba ke da shi shi ne girgiza. A 2012, masana a Georgia Tech ta birnin Atlanta a Amurka, ƙarƙashin David Hu, sun ɗauki hoton jiƙaƙƙun dabbobi iri 16 da kyamara mai sauri, har da akuya da tunkiya. Babban kare yana girgiza sau 4 zuwa 5 a daƙiƙa, kuma cikin 'yan daƙiƙu ya zubar da kusan kashi 70 cikin 100 na ruwan jikinsa. Ɓera kuwa sai ya yi kusan sau 30 a daƙiƙa. Ƙaramin jiki dole ya ƙara sauri kafin ya iya fizge ɗigo daga bakin gashi.

Agwagwa ba ruwanta da wannan wahala. Tana da wani ƙullutun mai a gindin wutsiya da take shafe gashinta da shi, kuma zaruruwan gashin suna da 'yan ƙugiyoyi da ke kulle su da juna. Jimina ba ta da ko ɗaya. Rashin ƙugiyoyin ne ya sa gashinta ke da laushi da yauƙi, wanda ya sa a ƙarni na 19 ayarin da ke ratsa Damargu tsakanin Kano da Tarabulus yake ɗaukar gashin jimina zuwa kasuwannin Turai don ado a huluna. Kuma rashin nan ne ya sa idan ruwa ya doke ta, gashin yake lanƙwamewa ya manne, ta koma abin tausayi.

Ga wanda ya fi ba ni mamaki. Shin ko kun san akwai tsuntsun da ke ɗebo ruwa da gashin cikinsa? Tsuntsu ne na jeji mai kamar girman tantabara, launin ƙasa, gajerun ƙafafu, Larabawa suna ce masa ƙaɗa, Faransawa kuma ganga. Akwai ire-irensa a faɗin Sahel, har da Nijar, kuma suna sauka garke-garke a bakin tabki, wasu da hantsi wasu da magariba. A ƙasa suke ƙwai, sau da yawa nesa da ruwa. 'Ya'yan suna cin tsaba busasshiya tun ranar farko, ga shi ba su iya tashi ba. Sai uban ya tashi ya je tabki, ya shiga har ruwa ya taɓa cikinsa, ya buɗa gashin yana jijjiga jiki na wasu mintuna, sannan ya tashi ya koma. Yana sauka ya miƙe tsaye, 'ya'yan su ruga su cusa baki cikin gashin suna tsotsa.

Wani Bature mai kiwon tsuntsaye, Edmund Meade-Waldo, ya ba da labarin haka a 1896, aka ƙi yarda da shi. Sai a 1967 Tom Cade da Gordon Maclean suka tabbatar da abin a hamadar Kalahari. Irin na can yana ɗaukar kimanin mililita 25, wajen cokalin cin abinci biyu ke nan, ya yi tafiyar kilomita 20 ko fiye, kuma duk da zafi da iska ya isa da rabo mai tsoka. A 2023 Jochen Mueller na jami'ar Johns Hopkins da Lorna Gibson ta MIT suka leƙa gashin da manyan na'urori. Ƙananan zaruruwan da ke tsakiyar gashin a nannaɗe suke idan sun bushe. Suna taɓa ruwa sai su warware su miƙe tsaye, su zama kurmin da ruwa ke maƙalewa a ciki. Na gefe kuma sun fi tsawo da laushi, jan fuskar ruwa yana lanƙwaso su su rufe na tsakiyan. Abin da ke kashe ɗan tsako, shi ke shayar da 'ya'yan wannan. Wanda ya ga garken sun sauka a tabki, ya lura da waɗanda suka daɗe a tsugune cikin ruwa bayan sauran sun sha sun tashi.

Shin ko kun san dalilin da mai kitso ke lakato mai ba ruwa ba? Jan fuskar mai bai kai rabin na ruwa ba, amma ruwa a iskar Damargu ba ya minti nawa ya tafi, silin su sake tashi. Man shanu kuwa yana nan, yana riƙe da su kwana da kwanaki.

Mata masu surfe, ga naku. Idan kun zuba gero a ƙwarya za ku wanke, dusa da ƙaiƙayin da suka taso ba sa zama a warwatse: suna taruwa gungu-gungu, sannan su tafi su manne a gefen ƙwarya. Kowane ɗan ƙaiƙayi yana ɗan lanƙwasa fuskar ruwan da ke kewaye da shi, na kusa sai ya zamo zuwa gare shi. A gefen ƙwarya kuma ruwa yana ɗan hawa, abu mai iyo kuwa tudu yake nema. A gwada wannan: a cika kofi har ruwan ya yi tozo a baki yana shirin zuba. Tudun ya koma tsakiya, kuma can ƙaiƙayin zai koma. Dominic Vella da L. Mahadevan sun rubuta bayanin wannan a 2005, su da hatsin karin kumallo a kwanon madara suka gani.

Shin ko kun san auduga sabuwar tsinka ba ta shan ruwa? A jefa ta a randa, sai ta yi ta iyo, domin kowane sili yana da siririn rufi na kakin halitta. Ta asibiti sai an dafa ta an wanke kakin. Kowane silin auduga ƙwayar halitta ɗaya ce doguwa mai rami a ciki; idan ƙwallon ya fashe ta bushe, sai ta lotse ta murɗe, kuma murɗin ne ke sa silin su kama juna a kan mazari. Audugar tumfafiya, wadda ta cika saurukan Damargu, da ta rimi, santsi gare su, ba murɗi, shi ya sa kaɗa su ke da wuya. Amma da yake suna ƙin ruwa suna riƙe iska, da audugar rimi aka riƙa cusa rigunan ceto na jiragen ruwa har a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu.

Gizo ma ba a bar shi a baya ba. Zaren da yake kama ƙuda da shi yana ɗauke da 'yan ɗigon danƙo a jere. A ja shi ya miƙe, a sake shi kuma ba ya yin lako-lako. Ina ragowar tsawon ke shiga? A 2016 masana daga Faris da Oxford, cikinsu har da Hervé Elettro da Fritz Vollrath, suka nuna cewa kowane ɗigo yana jawo zaren ya nannaɗe shi a cikinsa, ya sake shi idan an ja. Suka gwada da siririn zaren roba da ɗigon mai, abin ya yi daidai.

Shin ko kun san takardar da ke hannunku rabin aikinta bushewa ce ta yi? Ana dama zaruruwan itace a ruwa mai yawa, a shimfiɗa a tace. Yayin da ruwan ke ƙarewa, ragowarsa yana jawo zaruruwan yana matse su har su kama juna da kansu. Jan nan kuma shi ke manne shafukan littafin da ɗigon rufi ya jiƙa, don haka mai tsofaffin takardun kakanni kada ya yi gaggawar ɓamɓare su.

Masu ƙera ƙwaƙwalwar wayar salula kuwa abokin gaba suka ɗauki jan nan. Ana sassaƙa 'yan katangu a jikin silikon, waɗanda suka fi gashi siranta sau dubbai, sannan a wanke. Idan aka bar ruwan ya bushe haka kawai, sai ya jawo katangun su faɗa wa juna, aiki ya lalace. Shi ya sa ake maye ruwan da wani irin sifirit mai raunin ja, ko a busar da iskar kabon da aka matse har ta kai matsayin da babu bambanci tsakanin ruwa da iska. Inda babu iyaka tsakanin biyun, babu fuskar da za ta ja.

Shin ko kun san wannan kokawar tana gudana a ƙirjinku yanzu haka? Huhu yana da ɗaruruwan miliyoyin 'yan jakunkunan iska, kowace da danshi a ciki, bangonta kuma ya fi gashi laushi nesa ba kusa ba. Da ruwa zalla ne, da sun riƙa lotsewa duk lokacin da aka fitar da numfashi. Jiki yana yin wani sinadari mai aikin sabulu da ke raunana jan. Jariri ba ya samun isasshensa sai wajen mako na 34 ko 35 na ciki. A 1959 Mary Ellen Avery da Jere Mead a Boston suka gano cewa rashinsa ne ke sa bakwaini nishi da jan haƙarƙari. Graham Liggins a New Zealand, yana bincike a kan tumaki masu ciki, ya lura cewa wani magani yana gaggauta nunar huhun ɗan tayi. A 1972 shi da Ross Howie suka tabbatar da haka a kan mata. A 1980 Tetsuro Fujiwara a Japan ya yi nasarar zuba sinadarin kai tsaye a huhun jarirai. Allurar Liggins ba ta da tsada, amma tana son a yi ta kafin haihuwa, a hannun ma'aikatan lafiya. Idan naƙuda ta taso wata bai cika ba, a nemi mota tun da wuri.

Shin ko kun san ana kama ruwa da raga? A kudu maso yammacin Maroko, a kan dutsen Boutmezguida kusa da Sidi Ifni, ƙungiyar Dar Si Hmad ta kafa ragogi da ke tare hazon teku, ɗigon ya gangara cikin bututu zuwa ƙauyuka. Matsalar raga ita ce idanunta: idan sun yi faɗi hazo ya wuce, idan sun yi ƙanƙanta ruwa ya toshe su. A 2018 masana a Virginia Tech suka cire zaren kwance suka bar na tsaye zalla, siraran wayoyi a jere, ruwan da ake samu ya ƙaru. Da suka ƙara wa wayoyin tsawo sai ga matsalar gemun bunsuru: ɗigo ya jawo su suka haɗe dami-dami, aka sami manyan giɓi. Dole suka koma suna gitta 'yan wayoyi jefi-jefi don su riƙe tazara. Kafin wani ya yi odar irinta zuwa Tanut, a tuna hazonmu na hunturu ƙura ce daga kwarin Bodele na Cadi. Raga za ta kama, amma ba abin zubawa a randa ba.